Ƙura na cinye kwamfutocinmu, mu kuwa muna ta zagin kuran

 Hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, kowa ya nemo rawani da man shafawa. To yau maganarmu a kan wani abu ne da wasu za su ce ƙarami ne, amma yana cin kuɗinmu, yana cin lokacinmu, wani sa'in har da makomar 'ya'yanmu. Maganar ƙurar da ke kashe kwamfuta ce, ko ordinatar kamar yadda 'yan lakwal ke kiranta.

Ga abin da ya tunzura mu. Kwanakin baya mun raka wani ɗan uwa wani ofishi a nan yankinmu, ba za mu faɗi suna ba, yana neman takardar da yaronsa zai haɗa a cikin takardun jarrabawa. Aka ce mashin ya lalace, ya dawo jibi. Ya dawo jibi, aka ce sai sati. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa har sau uku, mutumin da ko hatsin da zai kai shi damina bai cika rumbu ba. Da muka tambayi abin da ya samu mashin ɗin, sai ma'aikacin ya ce: "Wallahi Malam, da an kunna ya yi minti goma sai ya mutu da kansa. Kuran ne ya ƙona shi. Mun rubuta a aiko mana da sabo." A ƙarshe wani yaro ɗan makaranta da ke koyon gyara ya roƙa a bar shi ya buɗe. Jama'a, abin da muka gani a ciki sai wanda ya gani. Ƙura ta daskare a kan fanka kamar an liƙa mata bargo, ga yanar gizo, ga kashin ƙadangare. Yaron nan bai yi rabin awa ba ya share, ya hura, ya mayar da murfi. Mashin ɗin da aka ce ya ƙone, har yamma yana aiki. Sati uku ana wahalar da talakawa a kan abin da buroshi da iska suka warware.

Da a ce wannan ne kaɗai, da mun ce tsautsayi ne. Amma ku leƙa ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, ku leƙa bayan shagunan buga takardu da na ɗaukar hoto. Za ku tarar da akwatunan kwamfuta jibge kamar buhunan da aka zazzage. Kowane ka tambaya amsa ɗaya ce: ko dai kuran ne, ko kayan Sin ne marasa ƙarko, ko an kawo mana gwanjon da Turawa suka gaji da shi. Har yau ba mu ji wanda ya ce "shekara huɗu ban taɓa buɗe ta na share ba". Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mu fahimci abin tukuna. Duk wutar da kwamfuta ta ja, zafi take zama a cikin akwatin. Ƙwaƙwalwarta, wadda masu gyara ke kira furosesa, a kwamfutar ofis takan ci wat 65 ko kusa da haka. Katin hoto kuwa, wato kart girafik, wanda masu haɗa bidiyon biki, masu zana katin gayyata da masu gidajen wasan yara ke sakawa, ƙaraminsa na iya cin wat 75, manyan su kai 200 ko 300. Wannan zafi duka yana fitowa ne daga wani ɗan abu da faɗinsa bai wuce akwatin ashana ba. Shi ya sa ake ɗora masa ƙarfen shan zafi mai siraran haƙora kamar na mataji, a kafa fanka a kai tana tura iska ta tsakanin haƙoran. Muddin iska na ratsawa, lafiya lau. Ranar da ƙura ta toshe tsakanin haƙoran, fanka za ta yi ta juyawa tana kuka amma iskar ba ta da hanya. Zafi ya hau. In ya doshi digiri 85 zuwa 100, gwargwadon irin na'urar, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Nan ne za ka ji mai shago na cewa ta yi nauyi, ƙwayar cuta ta shige ta. In zafin ya ƙi sauka sai ta kashe kanta. Wannan mutuwar da take yi ba lalacewa ba ce, ceton ranta take yi. Amma in aka yi ta tilasta mata wata da watanni, fanka ta gaji ta tsaya, ƙananan kayan ciki su dahu, to a nan ne take mutuwar gaske.

Sai mu duba inda Allah ya ajiye mu. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan kwamfutocin ofis, irin su Dell da HP, a takardunsu sukan ce a yi aiki da su a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu nan a watan Afrilu da Mayu zafi na haura 40, a ɗakin kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Kafin bazarar ta zo kuma, tun daga Nuwamba har Maris, iskar arewa maso gabas na kwaso mana ƙura. Mafi yawan wannan hazon daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙurarsa na tsallake tekun Atlantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka. To ƙurar da ta tsallake teku, tagar ofis ce za ta hana ta shiga? Ga kuma tamu ta gida, rairayin Gulbin Kaba da na tungayen gonaki, da wadda manyan motoci ke tayarwa a kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Ma'ana kwamfuta na shan ƙura wata biyar, tana gamawa ta faɗa cikin zafin bazara da toshasshen hanci. Wanda ke Faransa in ya share tasa sau ɗaya a shekara ya wadatar. Mu da muka kwafi sayen na'urar daga gare su, ko sau ɗayan ba mu kwafa ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne mu ba baƙin ƙura ba ne. Ɗan kabu-kabu ya san in bai wanke filtar iskar mashin ɗinsa ba zai sha mai ya rasa ƙarfi. Mai injin niƙa ya san ranar da zai kwance ya share. Mai faranti na hasken rana ya san in bai goge ƙura ba batir ba zai cika ba. Uwargida na share tsakar gida safe da yamma, ba ta taɓa cewa tunda gobe ma za ta dawo bari in bari. Amma da an zo kan kwamfuta, wadda kuɗinta ya fi na tumaki da yawa, sai hankalin nan duka ya gudu. A ajiye ta a ƙasa dab da ƙofa, inda kowane mai shigowa zai karkaɗe mata takalmi. Mai shara ya zo da tsintsiya ya tayar da ƙura alhali tana kunne tana zuƙa. Wani ma don tsabar ƙauna sai ya lulluɓe ta da zane tana aiki, wai yana kare ta. Haba jama'a! Ka toshe wa mutum hanci da baki ka ce ya yi maka gudu?

Laifin nan gida uku ne, kuma kowa zai ji nasa.

Na farko masu riƙe da kayan jama'a. Ranar da wata ƙungiya ko gwamnati ta kawo kwamfutoci, ana kafa rumfa, ana jawabi, ana ɗaukar hoto. Kashegari ba wanda aka ce kai ne mai kula da su. A kasafin kuɗi akwai na takarda, akwai na tawada, akwai na man mota, akwai na shayin taro, amma ba layi ɗaya na kula da na'ura. In ta mutu a rubuta takarda a nemi sabuwa, don sayen sabo ya fi gyaran tsoho daɗi, kuma duk mun san dalili. Wanda ke biyan wannan sakaci ba ya zaune a ofis. Shi ne tsohon da ya taso daga ƙauye neman takardar haihuwar jikansa, da ɗalibar da aka ce za ta koyi kwamfuta ta gama makaranta ba ta taɓa linzami ba, don ɗakin na kulle tun shekarar da aka buɗe shi. Kayan jama'a amana ne, kuma amanar da aka bari ƙura ta ci, an ci ta.

Na biyu wasu daga cikin masu gyara. Mun ce wasu, don akwai masu tsoron Allah da muka sani, masu gaya maka gaskiya ko da ba za su samu komai ba. Amma akwai wanda in an kawo masa kwamfutar da ke mutuwa ko katin hoto da ke zana layuka a allo, ya san sarai ƙura ce, sai ya girgiza kai ya ce: "Alhaji kati ya tafi, sai an aiko daga Kano." Ya karɓi kuɗin sabo, ya riƙe tsohon ya share ya sayar wa wani. Mun san wani matashi mai haɗa bidiyon aure da aka yi wa haka, ya sayar da ragon da yake kiwo don ya sayi kati, alhali fankar katinsa ce kawai ta cushe. Malam mai gyara, in shara ka yi, ka ce shara ka yi, ka faɗi kuɗin shara. Ba wanda zai ƙi biyan jika ɗaya ko biyu a kan aikin da ya ceci kayansa. Kuma garin nan ƙarami ne, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Na uku mu kanmu masu shaguna da masu kwamfuta a gida. Tsoron buɗe akwatin muke kamar akwai aljani a ciki. Noti biyu ne a bayansa. Yaron da ke kwance waya ya canza mata gilashi, akwatin kwamfuta ba zai gagare shi ba.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce kuran na kashe kaya, kuma gaskiya ne. Ana kawo mana wuta daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma ba wanda ya manta da yadda aka yanke ta a watan Agustan 2023 lokacin takunkumin CEDEAO. Ɗaukewa da dawowa da ƙarfi na ƙona akwatin wutar kwamfuta, shi ya sa na'urar daidaita wuta ta zama dole ga mai hali. Amma akwai bambanci da kowa zai iya ganewa. Wadda wuta ta ƙona ba ta tashi ko kaɗan, wani lokaci har ka ji ƙauri. Wadda ƙura ta shaƙe tana tashi lafiya, ta yi aiki na ɗan lokaci, fanka ta yi ta ƙara, bayan akwatin ya yi zafi, sannan ta mutu, in ta huce ta sake tashi. In ka ga haka kada ka zagi Nigelec, nemo buroshi.

Za a kuma ce ga tsadar rayuwa, ga matsalar tsaro, ku kuna maganar ƙurar kwamfuta. To ai saboda tsadar ne muke magana. Tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da a da ke shigowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, komai ya ƙara kuɗi. Lokacin da sabo ya yi tsada shi ne lokacin riƙe na hannu da kyau. Ƙasar da ke cewa za ta tsaya da ƙafarta, daga irin wannan ake farawa. Ba za mu iya hana iskar Bodele tasowa ba, amma noti biyu muna iya kwance su.

Don kada a ce mun yi faɗa mun tafi ba mu bar komai ba, ga yadda ake yi, a karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Ka kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita. Ka bari ta huce. Ka fitar da ita waje inuwa, inda iska za ta kwashe ƙurar, ka ɗaure hanci da baki, don ƙurar da ta shekara a ciki ba abin shaƙa ba ce. Kafin ka taɓa komai a ciki, ka dafa ƙarfen akwatin da hannu. Wannan ba camfi ba ne. Ka san tartsatsin nan da ke cizon yatsa in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar leda a hunturu? Saboda bushewar iska ne, don danshi kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Mutum ba ya jin wannan cizon sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali ƙasa da bolt 100 na iya lalata ƙananan kayan kwamfuta. Don haka kada ka yi aikin a kan darduma ko bargo, kuma allunan ciki a gefe ake riƙe su, ba a taɓa haƙoran zinaren da ke ƙasansu.

In kana da katin hoto, ka ɗauki hoton yadda wayoyi suke da salularka kafin ka cire komai. Ka zare wayar wutarsa in yana da ita, ka kwance notin da ya riƙe shi a bayan akwati, ka danna 'yar maƙatar da ke ƙarshen ramin da yake zaune, sannan ka jawo shi a hankali. In ya ƙi fitowa maƙatar ce ba ka danna ba, kada ka sa ƙarfi. Ka sa buroshin fenti sabo mai laushi ka kakkaɓe fukafukan fanka, sannan ka hura iska ta tsakanin haƙoran ƙarfen har ka ga haske ta ɗaya gefen. Abu ɗaya da ba a mantawa: ka dafe fankar da yatsa ko tsinke lokacin da kake hurawa. In ka bar iska ta juya ta fiye da ƙa'ida, gindinta zai lalace, ka je gyaran gira ka rasa ido. Haka za ka yi wa fankar ƙwaƙwalwa da ta bayan akwati.

Iskar kuma a ina za a samo? Ƙaramin injin hura iska na lantarki shi ya fi, kuma shaguna biyar na iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya. In babu, famfon keke na yi, da 'yar robar hura iska irin ta masu gyaran waya. Kada ka hura da baki, yawu danshi ne. Injin mai faci kuwa iskarsa ta yi ƙarfi, kuma sau da yawa tana fitowa da ruwa da mai. Ruwa, fetur, kalanzir, jiƙaƙƙen tsumma, duk kada su kusanci allunan ciki. Akwatin wuta, wanda wayar bango ke shiga cikinsa, ka hura shi daga waje kawai. Kada ka kuskura ka buɗe shi, yana riƙe da wutar da za ta iya yi wa mutum illa ko bayan an zare shi. Haka nan kada ka ɗaga ƙarfen shan zafi daga kan ƙwaƙwalwa ko katin hoto sai in kana da sabon man da ake shafawa a tsakaninsu. Wannan man yana bushewa bayan 'yan shekaru, canza shi aikin mai gyara ne, kuma man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko wa ya gaya maka.

Bayan ka mayar da komai, ka ɗora akwatin a kan tebur ko benci, nesa da ƙofa da taga, ka bar tazarar tafin hannu ko fiye tsakaninsa da bango. A yayyafa ruwa kafin a share ɗakin, kuma a share tana kashe. In an tashi aiki ta huce, a rufe ta da zane, da safe a yaye kafin a kunna. Ɗan ƙyallen gidan sauro a kan ramukan da iska ke shiga yana tare manyan ƙura, amma a riƙa kakkaɓe shi duk sati, in ba haka ba shi ma ya zama toshiya. A ganinmu, a irin ƙasarmu sau uku a shekara shi ne mafi ƙaranci: tsakiyar hunturu, ƙarshensa kafin zafin Afrilu, da kuma gab da damina, don ƙurar da ta sha danshi tana kama jikin allo ta kawo tsatsa. Shagon da ke bakin titi kuwa, duk wata biyu.

Yanzu ga kiranmu. Ga masu riƙe da ƙananan hukumomi na Tasawa da Mayahi: a sa layin kula da na'urori a kasafin kuɗi, ko kaɗan ne, a kuma ɗora wa mutum ɗaya alhakin a kowane ofishi, da takarda a liƙe a jikin akwatin mai nuna ranar da aka share ta. Ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara: ku buɗe ɗakunan nan da kuka kulle, ku kira mai gyara na gari ya zauna da ɗalibai su buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Ko uku cikin goma suka tashi an ci riba, yaran kuma sun koyi sana'a. Ga ƙungiyoyin da ke kawo mana taimako: mun gode, amma kwamfuta ashirin ba tare da injin hura iska ɗaya da mutum ɗaya da aka koya wa kula da su ba, kun ba mu doki ba ku ba mu akurkin ciyawa ba. Ga matasa masu neman abin yi: ga aiki nan a ƙasa. Buroshi, sukudireba, injin iska da riƙon amana sun isa ka zagaya ofisoshi da shaguna duk wata.

Ku kuma talakawa, in an sake ce muku mashin ya lalace ku dawo sati, ku tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a buɗe shi a share?" Tambayar ba zagi ba ce, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wanda ya buɗe tasa a wannan satin ya ɗauki hoton abin da ya tarar ya turo mana, za mu saka a shafi ba tare da suna ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya raba mu da cututtukan hunturu, ya kai mu damina lafiya. Wassalam.